Me ya sa muke fasa ƙwan da ya ƙi ƙyanƙyashewa

Yaro, abu biyu ka tambaye ni: me ya sa nake sa ka fasa bara-gurbi alhali wari ne kawai a ciki, kuma wai da gaske akwai waɗanda sana'arsu ke nan, binciken yadda zuciya da fiffike suke samuwa a cikin ƙwai. Ajiye tiren nan ka saurara, don tambayoyin naka a haɗe suke.

Ɗan tsako ba ya samuwa lokaci guda, kowace gaɓa da ranarta. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi a injin ƙyanƙyasa, na zabin da muke saye a Gujungu da damina kuwa 26 zuwa 28. A kwana na biyu zuciya take fara bugawa, tun babu baki babu ƙafa. A na uku 'yan tsiron da za su zama fukafukai da ƙafafu suke ɓullowa. Wajen na goma baki ya fara tauri. Sai can a na 19 zuwa 20 yake janye sauran gwaiduwa zuwa cikinsa, cibiya ta rufe. Gaɓar da ranarta ta wuce ba ta ginu daidai ba, ba a dawowa a gyara ta.

Shi ya sa nake cewa ka fasa ka duba. In ka haska tocila a kwana na bakwai, mai rai za ka ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗigon baƙi na ido yana motsi. Wanda ka ga zoben jini kawai ya kewaye shi, ya mutu tun da wuri, sai ka tuhumi daɗewar ƙwan kafin a sa shi, ko zafin kwanakin farko. In ka tarar da bakin ya karkace ko ido ɗaya babu, yawanci zafi ne ya yi yawa lokacin da kai yake haɗuwa. In kuwa ya yi gashi tsaf ya mutu bai huda ɓawo ba, duba laima da iska. Injin zafin digiri 37.5 yake so. Da bazara ɗakin nan kansa yana haura 40, da hunturu kuma ruwan tire ƙafewa yake kafin ka ankara. Mai zubar da ƙwai bai duba ba, asarar da ya yi ita zai sake yi a zubi na gaba.

Masanan da ka ji labari kuwa, daga nan suka faro suka nutsa. A 1951 wasu biyu a Amurka, Hamburger da Hamilton, suka kasa rayuwar ɗan tsako a cikin ƙwai zuwa mataki 46, kowane da hotonsa, har yau da shi ake aiki. Masanan sukan yanke 'yar taga a ɓawo, su yi aikinsu da allura a ƙarƙashin madubin ƙara girma, su liƙe da salatif su mayar inji. A 1968 John Saunders da abokiyar aikinsa Gasseling suka ciro ɗan nama daga gefen baya na tsiron fiffike, suka dasa a gefen gaba na wani. Fiffiken ya fito da yatsu ninki biyu, na gaba suna kallon na baya. Aka gane ashe wannan ɗan wurin ne yake aika saƙo ga sauran ƙwayoyin halitta, kowace ta san yatsan da za ta zama. Sai a 1993 ɗakin binciken Cliff Tabin a Jami'ar Harvard ya gano ƙwayar gadon da take ba da saƙon. Ka lissafa da kanka, shekara 25 tsakanin tambaya da amsa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na 1995. Mutanen Tabin ɗin suka nuna wannan ƙwayar gado tana aiki a ɓangaren hagu kaɗai na ɗan tayin, tun kafin zuciya ta samu. Da suka sa ta a dama ma, sai zuciyar ta rasa gefen da za ta lanƙwasa, wata ta yi nan wata ta yi can. Ikon Allah ne, amma ya tsara shi a kan hanyar da mai haƙuri zai iya bi ya gani. Kuma ba don kaji suke yi ba. Kusan jariri ɗaya cikin 100 da matsalar zuciya ake haihuwarsa, ƙwayoyin gadon da suke gina tamu kuwa da yawansu su ne na kaza.

In zuciyarka ta karkata can, ban hana ka ba, zan ma yi murna. Ka riƙe ilimin halittu da kemistiri da kyau, ka gyara Turancinka. Akwai digirin ilimin halittu a Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse, akwai likitancin dabbobi a Ahmadu Bello, ga cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ta fitar da kazar ShikaBrown. Bayan digirin farko akwai na biyu da na uku, manyan ɗakunan wannan bincike kuma galibi a Turai da Amurka suke, sai an nemi tallafin karatu. Ba sana'ar kuɗin gaggawa ba ce, mai sayar da 'yan tsaki zai riga ka gina ɗaki.

Abin da za su nema a wurinka shi nake nema yanzu: hannu marar rawa da rubutu na gaskiya. Ka samo littafi, duk ƙwan da ka fasa ka rubuta ranar da aka sa shi, zafin injin, da abin da idonka ya gani, ko da ya saɓa da abin da na faɗa maka. Ka riƙa fasawa ta gefen mai faɗi inda gurbin iska yake, a waje nesa da inji, sannan ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa sauran.