Peggy ɗin ai Margaret ce

Assalamu alaikum 'yan gida. Anti na ji tambayarki, wai nas ɗin da ke duba jikarki can Ingila kowa Peggy yake ce mata amma a katin da ke wuyanta Margaret aka rubuta, ko suna biyu gare ta. A'a Anti, suna ɗaya ne, Peggy ɗin sunan gida ne na Margaret, kamar dai mu da Indo, wanda ba ɗan gari ba har abada ba zai gane A'isha ake nufi ba.

Shi Margaret ɗin asalinsa Girkanci ne, margarites, wato lu'ulu'u. Ya bazu a wajen Kiristoci saboda waliyyansu mata masu sunan, akwai ma sarauniyar Scotland matar Sarki Malcolm na uku da ta rasu a 1093, ita ma daga baya coci ta sa ta cikin waliyyai. To zamanin can sunayen da ake raɗawa ba su da yawa, gida ɗaya sai ki samu uwa Margaret 'ya Margaret kaka ma Margaret, dole a nemo yadda za a bambanta su, sai aka gutsure shi, wannan Meg waccan Meggy wata Maggie. Inda abin ya rikiɗe kuma, Turawan Ingila suna da wata ɗabi'a ta canza harafin farko su bar sauran yadda yake, sai Meg ta koma Peg, Meggy ta koma Peggy, shi kenan fa. Haka suka yi wa Mary, ta zama Molly daga nan Polly, M ɗin nan dai ta koma P. Maza ma ba su tsira ba, William Will Bill, Robert Rob Bob.

Wanda ya fi ba ni dariya ma Daisy, ita ma ana kiran Margaret da shi, don a Faransanci furen nan daisy marguerite ake ce masa, kin ji zagaye.

Kuma ba kowace Margaret ce Peggy ba, Margaret Thatcher da ta yi firaministar Birtaniya daga 1979 zuwa 1990 Maggie jaridu ke ce mata. Sannan a Amurka wasu iyayen kai tsaye suke raɗa Peggy ɗin, irin Peggy Whitson 'yar sama jannatin nan da ta zama mace ta farko da ta shugabanci tashar sararin samaniya ta duniya a 2007, ita sunan yankanta kenan.

Don haka Anti tunda ita da bakinta ta ce Peggy, ki kira ta haka ba raini ba ne. Amma in takarda za ki cike ko wasiƙar godiya za ki kai ofishinsu, Margaret ɗin da ke katin za ki rubuta. A gaida min mai jiki, Allah ya ƙara sauƙi.