Ganin Mahaifina Ya Ragu, Shin Waya Mai Babban Allo Za Ta Wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, ya haura shekara 55. Tun daminar bara yake kokawa cewa rubutun wayarsa ya yi masa ƙanana, har sai ya miƙe hannu nesa kafin ya gane sunan mai kira. Tsararrakinsa duk sun koma manyan wayoyi, ni ma ina tara kuɗi in sayo masa a kasuwar Farm Centre ta Kano. Shin hakan ya isa, ko akwai abin da ya kamata in ji tsoro?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri bisa kula da mahaifi.

Tsararrakin Baba suna da hujjarsu. Daga shekara 40 zuwa sama, ƙwayar ido takan rage laushin da take daidaita gani na kusa da shi, shi ya sa dattijo ke nesanta takarda da fuskarsa. Allo mai inci 6.5 ko fiye yana ba da damar a ƙara girman haruffa ba tare da layi ya kakkarye ba, sai karatun Alƙur'ani da saƙon WhatsApp su zo da sauƙi, kuma yatsan da ya saba da fartanya ba ya danna haruffa biyu a lokaci guda. Irin waɗannan wayoyi na Tecno da Infinix da Itel sukan zo da babban batir, abin da ke da muhimmanci ga wanda sai ya biya mai janareto kafin ya yi caji. Saboda haka ban hana ka saya ba.

Abin da ke damuna shi ne kalmar nan taka, "ya isa". Kusan kullum sai na gamu da wannan fahimta a ɗakin duba marasa lafiya: ido ya fara rauni, sai iyali su ɗauka laifin ƙanƙantar rubutu ne ko tsufa, a sauya waya, hankalin kowa ya kwanta. Babban allo yana ɓoye alamar ciwo ne kawai. Hawan jinin ido, wato ciwon da ƙarfin ruwan cikin ido kan hauhawa ya lalata jijiyar gani, wanda ya yawaita a tsakanin baƙar fata, yakan fara cin gani ne daga gefe, galibi ba zafi ba ja, ya bar tsakiya sai daga ƙarshe. Ma'ana, mutum zai iya karanta wayarsa sarai alhali jijiyar idonsa tana mutuwa, kuma abin da ya mutu daga cikinta ba ya dawowa, ko da magani ko da tiyata. Na duba wani dattijo da 'ya'yansa suka kawo bayan ya yi karo da amalanke a bakin kasuwa. Ya zaro sabuwar wayarsa ya karanta mini saƙo tiryan-tiryan don in shaida lafiyarsa ƙalau, amma da na ɗaga yatsuna ta gefen kunnensa na matso da su har kusa da hancinsa, sai a nan ya gan su. Shekara biyu ana sauya masa waya, ba a taɓa auna idon ba.

Daga nan kuma sai 'yan cuwa-cuwa su shigo. Wannan ya ce tabarau yana cinye ido, zancen da ba shi da tushe ko kaɗan. Wancan mai kemis ya miƙo maganin ɗigawa ba tare da takardar likita ba, alhali wasu daga cikin magungunan nan suna ƙara hawan jinin idon ne idan an daɗe ana ɗiga su. Mafi muni su ne masu yawo ƙauye-ƙauye da tsinken ƙarfe suna soka ido su tura yanar ido can ciki. Mutum ya ga haske na ɗan lokaci, daga baya idon ya lalace, shi kuwa mai aikin ya daɗe da barin gari da kuɗin tunkiyar da aka sayar. Wallahi abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin yanar ido ciwo ne da ake cire shi a asibiti gani ya dawo.

Kafin ka je Farm Centre, ka ɗauki Baba ku biya ta sashen ido na babban asibitin da ke kusa da ku, ko Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ka nemi a auna ƙarfin ruwan idonsa, a leƙa jijiyar, a gwada sukarin jininsa, tunda ciwon sukari ma yana taɓa gani. Idan an tabbatar shekaru ne kawai, tabarau na karatu zai yi masa, kuma kuɗinsa bai kai na waya ba. Sannan ka sayo wayar, ka shiga saitinta ka ƙara masa girman rubutu, ka kuma riƙa mayar da shi awon ido ko da sau ɗaya ne a shekara.