Amsa: Me ya sa kullum sai a ce "maleriya da taifot"?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa kusan duk wanda ya kai jini ɗakin gwaji a Bauchi sai a ce masa maleriya da taifot. Yawanci laifin gwajin taifot ne da ake kira Widal. Ba ƙwayar cutar yake nema ba, sawun da ta bari a garkuwar jiki yake dubawa, shi ya sa wanda ya taɓa yin taifot tuntuni, har ma mai maleriya, gwajin kan nuna yana da taifot. Gwajin da ya fi inganci shi ne a rena jinin har ƙwayar ta bayyana, sai dai yana cin kwanaki, ga buƙatar wuta tsayayyiya da ƙwararren ma'aikaci. Ƙananan ɗakunan gwaji da yawa ba su da halin haka.

Gwajin maleriya kam da sauƙi. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani.

Ni abin da ya fi damuna zazzaɓin Lassa ne, wanda ke addabar jiharmu da rani, kuma farkonsa kamar maleriya yake. In an sha magani zazzaɓi ya ƙi sauka, kar a koma kemis, a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU).