Wayata tana cinye mini safiya, me zan yi?

Tambaya: Malam, ni tela ne a Zariya. Kullum in na dawo daga sallar Asuba sai in ce bari in leƙa WhatsApp na minti biyar. Kafin in ankara rana ta take, yara sun makara, shago kuma ba na buɗewa sai wajen ƙarfe 9. Na sauke manhajojin tsara lokaci har uku, duk na watsar. Akwai wadda ta fi su? Wayata Tecno ce.

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka sauke ta huɗu. Duk manhajar da sai ka buɗe waya kafin ta taimake ka, ta riga ta kai ka bakin ramin da kake gudu. Ka shiga da niyyar duba jadawali, idonka ya faɗa kan koren tambarin nan mai ɗauke da saƙo 40, shi ke nan an gama da kai.

Fara da abu ɗaya tak: inda wayar take kwana. Yawancinmu muna jona ta a caji a gefen katifa saboda wuta sai dare take zuwa, don haka ita ce abin da hannu yake fara lalubowa cikin duhu. Yau da dare ka mayar da cajar falo, ko saman durowa inda sai ka miƙe tsaye kafin ka kai gare ta. In ƙararrawa ta buga, dole ka tashi ka taka, kuma wanda ya taka zuwa falo ya fi kusa da buta fiye da bargo. Ka kashe ƙararrawar, ka kife wayar a wurin, ka tafi masallaci ba tare da ita ba. Wannan kaɗai za ka yi na mako guda, kada ka ƙara komai.

A mako na biyu sai mu sa wayar ta taya ka. Tun 2018 Google ya sa wa Android wani sashe mai suna Digital Wellbeing, yana cikin saitin yawancin wayoyin yanzu. Shiga ka fara duba awa nawa kake yi a kowace manhaja. Mutane da yawa a nan jikinsu yake yin sanyi. Daga nan nemi Focus mode, zaɓi WhatsApp da TikTok da Facebook, ka sa masa lokaci daga 5:00 zuwa 7:30 na safe. Tambarinsu zai dushe ya koma toka-toka, saƙonninsu kuma ba za su leƙo ba sai lokacin ya cika. Na san abin da ke ranka, wato kwastomominka. Kiran waya yana shigowa yadda ya saba, mai ɗinkin gaggawa zai kira ka, hoton samfurin riga kuwa zai jira ka har ka karya.

Gaskiya ita ce wannan kulle ba mai ƙarfi ba ne, dannawa biyu ke buɗe shi. Shi ya sa na fi damuwa da ka cike gurbin da wani abu. Hannun da ya saba ɗaukar waya bayan Asuba yana neman abin riƙewa. Ajiye Alƙur'ani ko littafin awon kwastomominka a daidai inda kake zama in ka dawo. Shafi ɗaya, ko rubuta ɗinki uku da za ka gama yau. Ran da ka kasa, washegari ka ci gaba daga inda ka tsaya.

Tambaya: Wata malama daga Maraɗi ta ce manhajar kiran sallarta wata rana ta yi, wata rana shiru, har ta sha makara.

Amsa: Malama, laifin mai tattalin batir ne. Wayoyi irin su Tecno da Infinix da itel suna rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye don caji ya daɗe, ta kiran salla ma ba su ƙyale ta ba. Shiga saiti, buɗe sashen batir na manhajar, ki cire mata takunkumi, ki ba ta izinin tashi da kanta. Sannan ki ƙara da ƙararrawar agogon da ya zo da wayar, ita ba a kashe ta haka. Sai dai ki riƙa gyara ta duk bayan mako biyu, domin lokacin Asuba yana matsawa da yanayin shekara.