In sayi famfon sola yanzu, ko in jira ya ƙara araha?

Tambaya daga wani mai noman rani a Auyo, Jigawa: Malam, ɗana ya ce kuɗin sola kullum sauka yake yi, nan da shekara uku zai koma rabi, kuma sabon samfuri na nan tafe. In jira ko in saya?

Amsa: Alhaji, yaron nan bai yi ƙarya ba, rabin zancen dai ya kawo maka. Daga 2010 zuwa 2020 farashin farantin sola a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, galibi saboda masana'antun ƙasar Sin. Amma da dala ake wannan lissafin, kai kuwa naira za ka riƙa ka shiga Sabon Gari. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya zauna jiran araha a lokacin, tsada ya tarar.

Masu hasashe abin da ya wuce suke dubawa, su ce haka za a ci gaba. Hakan na aiki muddin al'amura na tafiya yadda aka saba. Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta kai 500 cikin 'yan kwanaki. Famfon sola bai ƙara komai ba a wancan makon, amma lissafin duk mai injin fetur a fadamar Haɗeja ya birkice. Ko hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa duk shekara, da ke da bayanan ruwan sama na shekaru masu yawa a hannu, yakan kuskure wa wani ƙauyen. To ina ga na'urar da ba a ma ƙera ba? Wanda ya yanka maka ranar fitowarta, ni dai ina zargin yana da hajar sayarwa.

Ka koma kan abin da ke hannunka. Lissafa man da kake ƙonawa daga dashe zuwa girbi, ka haɗa da baƙin mai da kuɗin mai gyara. In na shekara biyu ko uku ya kai kuɗin famfon, saya, in dai ba bashi mai nauyi za ka ci ba. Ka fara auna zurfin rijiyarka a watan Afrilu, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, da wannan awon za a zaɓa maka famfo.

Kada kuma ka sayar da tsohon injin. Sola daga hantsi zuwa la'asar take da ƙarfi, ranar da hazo ya rufe sai ka ga ruwa na ɗiga a bakin tiyo, shinkafa kuwa ba ta jira. Da hunturu a riƙa goge ƙurar farantin da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya kafin rana ta yi zafi.