Ka fara da The Epic na Kamasi Washington

Ɗan'uwa, ka ce kana son ka soma sauraren kiɗan jaz na zamani wanda mai busa saksofon (wani ƙahon busa na ƙarfe) ke ja gaba, amma ba ka san inda za ka kama ba. Ni dai shawarata ka nemi kundin waƙoƙin The Epic, wanda mai busa saksofon Kamasi Washington, mutumin Los Angeles ta Amurka, ya fitar a 2015 ƙarƙashin kamfanin Brainfeeder.

Sai dai ka shirya, doguwar tafiya ce: waƙoƙi 17, kusan awa uku, a faifai uku. Kada ka ce sai ka shanye shi a zama ɗaya. Ɗauki faifan farko ka yi kwana biyu da shi.

Abin da ya kama ni shi ne cikar sautin. Masu ganga biyu ne, Tony Austin da Ronald Bruner Jr., ga Thundercat da Miles Mosley a kan bes (kayan kiɗa mai tsirkiya da kaurin sauti), ga masu goge da ayarin 'yan amshi a baya. Sa abin ji a kunne ka bi busar Kamasi: yakan faro ta a hankali, ya yi ta nanata gaɓa ɗaya yana ƙara mata zafi, har muryar saksofon ta dushe kamar mai kuka. Tsigar jikina tashi take a wurin nan.

In kiɗa zalla ya yi maka nauyi da farko, soma da "The Rhythm Changes", inda Patrice Quinn ke rera waƙa. Daga nan ka wuce "Malcolm's Theme", wadda aka gina kan jawabin da ɗan wasan kwaikwayo Ossie Davis ya yi a jana'izar Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fatar Amurka.