Fatawa: Zakkar kamfanin da ya ci riba a takarda amma kuɗinsa na hannun mutane

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da kamfanin sayar da shinkafa da mai da sukari a sari a Aboabo, nan Kumasi, ni da abokin tarayyata wanda Kirista ne, kashi 60 nawa, 40 nasa. Akanta ya rufe lissafi a ƙarshen Disamba, ya ce mun ci ribar sidi 300,000, alhali abin da ke banki da asusun waya na MoMo sidi 40,000 ne kawai. Haja a sito ta kai 500,000 a farashin yau, muna bin 'yan kasuwar Tamale da Bawku 260,000, ciki har da 60,000 da muka fid da rai, ana bin mu 200,000 a Tema, kuma muna da babbar mota ɗaya. Daga ribar zan fitar da zakka, ko daga kuɗin da ke hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah Ya sanya albarka a nemanka. Zakkar ɗan kasuwa ba ta rataya a kan riba, kuma ba ta tsaya ga tsabar kuɗi ba. Tana kan dukiyar ciniki gaba ɗaya da ka mallaka ranar da shekara ta zagayo. Asalin haka faɗin Allah ne a Suratul Baƙara, aya ta 267, inda Ya umarci muminai su ciyar daga kyawawan abin da suka sana'anta, kuma mazhabobi huɗu sun haɗu a kan wajabcin zakkar kayan ciniki.

Akanta yakan fitar da takardu uku, kuma rikicewarka ta samo asali ne daga duba wadda ba ita ce ta zakka ba. Takardar riba da asara tana rubuta ciniki tun ranar da kaya suka bar sito, ko da mai saye bai biya ba, shi ya sa buhunan da aka loda zuwa Bawku bashi suka shiga cikin riba. Takardar shige da ficen kuɗi ba ta ƙirga komai sai abin da ya shiga asusu ko ya fita a zahiri, kuma ita ce ke nuna maka cewa ribarka ta maƙale a sito da hannun mutane. Ta ukun, takardar kadarori da basussuka, tana nuna abin da kamfani ya mallaka da abin da ake bin sa a rana guda, kuma daga ita ake fara lissafin zakka. Abu Ubaid ya ruwaito a Kitabul Amwal cewa tabi'i Maimun bin Mihran ya ce idan lokacin zakka ya yi, mutum ya dubi tsabar kuɗinsa da hajarsa ya ƙimanta ta, ya haɗa da bashin da yake bin mawadaci, ya cire wanda ake bin sa, sannan ya zakkaci saura. Ina so 'yan kasuwarmu su riƙe wannan magana da kyau, domin ita ce ma'aunin da malaman zamani suka gina a kansa.

Malikiyya sun raba 'yan kasuwa biyu: muhtakiri, mai ajiye kaya yana jiran farashi, wanda ba ya zakka sai ya sayar, da mudiri, mai saye da sayarwa kullum. Kai mudiri ne, don haka za ka ƙimanta haja duk shekara a farashin sari na ranar, ba farashin da ka saya ba, ko da akanta ya rubuta ta a littafi da kuɗin saye. Bashin ciniki da ake sa ran biya yana shiga lissafi. Sidi 60,000 da kuka fid da rai ba za su shiga ba, sai ranar da Allah Ya dawo da su ka fitar musu da zakkar shekara ɗaya. Mota da sikeli da ginin sito babu zakka a kansu domin kayan aiki ne, kuma saboda haka ragin darajar mota da akanta ke cirewa duk shekara bai shafi lissafinmu ba.

Game da 200,000 na Tema akwai saɓani. Mashhurin Malikiyya shi ne wanda yake da kadarar da za ta iya rufe bashinsa, kamar motarku, sai ya jingina bashin a kanta, ya zakkaci dukiyar ciniki ba tare da ragi ba. Wasu malamai kuma, ciki har da da yawa daga na wannan zamani, suna cire bashin da aka ci don sayen haja. Na fi karkata ga cirewa a mas'alarka, domin bashin kuɗin shinkafar da muka riga muka ƙirga ne a sito, amma wanda ya bi Malikiyya ya fi nisantar shakka.

Lissafi kenan: 40,000 na tsabar kuɗi da 500,000 na haja da 200,000 na bashin da kuke sa ran a biya ku sun zama 740,000, a cire 200,000 na Tema saura 540,000. Babu zakka a kan rabon abokinka, tunda ba Musulmi ba ne, kuma bai halatta ka taɓa rabonsa da sunanta ba. Naka kashi 60 shi ne 324,000. Ka gwada shi da nisabi, wato ƙimar giram 85 na zinariya, ta hanyar tambayar maƙeran zinariya farashin ranar, tare da haɗa duk wani kuɗin da ka ajiye na kanka. Idan ya kai, ɗaya bisa arba'in ɗinsa sidi 8,100 ne. Sai dai shekarar zakka ta wata ce, kwana 354, ta kamfani kuma 365. Idan za ka dogara da lissafin Disamba, hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin lissafin kuɗi na Musulunci, ta ƙayyade kashi 2.577 cikin ɗari, wato kusan sidi 8,350. Harajin da kuke biya wa GRA, hukumar tattara haraji ta Ghana, ba ya maye gurbin zakka, domin Suratut Tauba, aya ta 60, ta iyakance masu karɓarta ga rukuni takwas.

Ƙarancin tsabar kuɗi ba ya sarayar da zakka, kuma abin da ke asusunku ya ishe ka biya bana, sai dai a rubuta shi a matsayin cirewa daga rabonka, da sanin abokinka. Idan wata shekara kuɗi suka yanke ƙwarai, Hanafiyya sun halatta bayarwa daga hajar kanta daidai da ƙimarta, kuma gidan marayu ko bazawara a Asawase za su amfana da buhun shinkafa mai kyau, muddin ba ka zaɓi wadda ta lalace ba. Ina kuma yi maka nasiha ka rubuta kowane bashi da wa'adinsa kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta umarta, ka nemi akanta ya ware maka basussukan da wa'adinsu ya wuce duk wata, domin kamfanin da fiye da rabin abin da ya kira riba ke hannun mutane yana iya kasa biyan Tema a kan lokaci, ya faɗa rancen ruwa, wanda haramun ne.

Allah ne Mafi sani.